Atisayen fita daga silima: da 'yan kallo za a yi ko da ma'aikata?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana a kan gidajen silima, ina so masu sani su sa baki. A makaranta ana kaɗa ƙararrawa a fito da yara fili don su saba. A jirgin sama ba a tashi sai ma'aikaciya ta tsaya ta nuna ƙofofi da hannunta, ko da duk wanda ke ciki ya sha gani. To me ya sa silima ta fita daban? Ɗaki ne mai duhu, ba taga, mutum ɗari biyu ko uku kujera na manne da kujera, sauti ya cika kunne, kuma yawancinsu ba su san ginin ba. Ni a ganina hukuma ta tilasta a riƙa yin atisaye da 'yan kallo a ciki. A tsayar da fim ba tare da an sanar ba, a kaɗa ƙararrawa, a ga minti nawa ɗakin zai ɗauka kafin ya zama wayam. In ba a gwada da mutane na gaske ba, ta yaya za a san ƙofofin sun isa?

Abu Fatima:
Wa alaikumus salam. Ina bayanki ɗari bisa ɗari, Hajiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ji haushin an katse masa kallo a ba shi wani tikitin, ai rai ya fi fim.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, niyyarki mai kyau ce, amma hanyar da kika kawo ina jin tsoronta. Aikin kwana-kwana na yi har na ajiye, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne a wurin taro ba wuta kaɗai ke kisa ba, tsoron wutar ma yana kisa.

A watan Agusta na 1911, a garin Canonsburg da ke Amurka, ana nuna fim a wani zaure da ke saman bene, majigi ya yi wani walƙiya, wani ya yi ihun gobara. Babu gobarar. Mutane suka kwararo kan matattakala, 26 suka mutu a turmutsitsi. A ranar ƙarshe ta shekarar 1929 kuma, a silimar Glen da ke Paisley a Sikotilan, gwangwanin fim ne ya fara hayaƙi, aka ma fitar da shi waje. Amma yara sun riga sun ga hayaƙi, suka ruga ƙofar da ba ta buɗuwa, suka danne juna. Yara 71 aka rasa, kuma wuta ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yanzu ki duba abin da kike nema: a cikin duhu, ga tsofaffi, ga mai ciki, ga mai ciwon zuciya, ga yara, a tsorata su da gangan. Idan mutum ɗaya ya faɗi a matattakala, wa zai ɗauki alhakinsa? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maman Sadiq:
Baba, na ji. Amma misalan nan biyu ai ni suke goyon baya. Da mutanen sun saba fita cikin tsari, da ba su ruɗe haka ba.

Baba Mai Ritaya:
Su waye za su saba? A nan bambancin yake. Ɗan makaranta yau shi ne, gobe ma shi ne, ginin ɗaya, malamin ɗaya. Idan kika koya masa sau uku ya riƙe. Wanda ya zo kallo daren yau kuwa wataƙila ba zai sake taka gidan ba sai baɗi, kuma a wani ɗakin daban zai zauna. Kin horar da mutum ɗari biyu yau, gobe wasu ɗari biyun ne a kujerun. Waɗanda ba sa canzawa su ne mai yankan tikiti, mai duba ɗakuna, mai majigi, mai gadi, manaja. Su ne za a yi wa atisayen har ya zame musu jiki.

Injiniya:
Bari in ƙara a kan maganar Baba, domin haka ma ƙa'idojin suka tsara. Kundin kiyaye gobara da yawancin jihohin Amurka ke bi ya ce a wuraren taro irin su silima a yi atisaye duk bayan wata uku, kuma ma'aikata ne za su yi shi, ba jama'a ba. Amma Hajiya, ba a bar 'yan kallo haka nan ba. An tanadi cewa kafin a fara nuni a yi sanarwa da murya ko a haska a allo inda ƙofofin fita suke. Wato abin da kika gani a jirgi yana nan a rubuce, matsalar ita ce wurare da yawa ba sa yi, ko kuma su cusa shi a tsakiyar tallace-tallace lokacin da rabin mutane ba su shigo ba.

Tambayarki kuma ta yadda za a san ƙofofi sun isa, wannan lissafi ne da ake yi tun a kan takardar zanen gini. Ana duba yawan kujeru, faɗin kowace ƙofa, faɗin hanyar da ke tsakanin kujeru, da nisan da mutum zai yi daga kujera mafi nisa zuwa mafita. A Birtaniya an daɗe ana aiki da ma'aunin cewa kowa ya gama fita cikin minti biyu da rabi, kuma ana danganta shi da gobarar gidan wasan Empire Palace a Edinburgh a 1911, inda jama'a suka gama fita a daidai tsawon lokacin da 'yan kiɗa suka ɗauka suna busa taken ƙasa. Masana na yau suna ganin ma'aunin ya yi sauƙi da yawa, amma dai ya nuna ba da ka ake yin abin ba.

Abu Fatima:
Injiniya, takarda daban, ranar tsiya daban. Duk gidajen da suka ƙone ai da takardarsu.

Injiniya:
Gaskiyarka, ban musa ba. Gidan wasan Iroquois da ke Shikago an tallata shi cewa wuta ba ta iya cin sa. Makonni kaɗan da buɗe shi, ranar 30 ga Disamba 1903, ya kama, mutum sama da 600 suka mutu. Ƙofofi suna da yawa, amma ba alamar da ke nuna su, wasu labule ya rufe su, wasu irin sakatarsu mutane ba su san yadda ake buɗe ta ba, an kuma ja ƙofofin ƙarfe an tare matattakala don kada masu kujerun sama su sauko wurin masu tsada. Ma'aikatan ba a taɓa koya musu abin da za su yi ba. Shi ya sa nake cewa zane rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun wanda ke bakin aiki a daren.

Mai Majigi:
Salamu alaikum manya. A silima nake aiki, bari in faɗi yadda abin yake daga ciki, ba zan ambaci gidan ba.

Ana yi mana atisaye, amma da safe ake yi kafin a buɗe. Fitilu a kunne, ɗakuna babu kowa, manaja yana tsaye, kowa ya san yau za a yi. Mu fita mu taru a fili, a rubuta a littafi, a sa hannu. Alhali lokacin da gidan ya fi cika dare ne, kuma a lokacin ne ma'aikata suka fi ƙaranci. Nunin ƙarshe wani lokaci mu uku ne ko huɗu a kan ɗakuna da yawa. Ga shi aikin mutane ba sa daɗewa a cikinsa, wanda aka horar yau bayan 'yan watanni ya samu wani wurin ya tafi, sabon da ya zo sai ya jira zagaye na gaba. Na taɓa tambayar wani sabon yaro inda ƙofar bayan allo take fita, bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa kai shi.

Wani abin kuma, mutane suna zaton akwai wanda ke zaune a ɗakin majigi yana kallon su ta ƙaramar taga kamar da. Yanzu kwamfuta ce ke kunna komai. Mutum ɗaya na iya kula da ɗakuna duka daga wuri guda, ko ma ya saita ya sauko ƙasa yana wani aikin.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka taɓo inda ciwon yake. Atisayen da aka yi da rana tsaka da cikakkun ma'aikata ba shi zai nuna maka gaskiyar gidan ba. A yi shi bayan an tashi daga nunin ƙarshe, da waɗanda ke aikin dare kaɗai, a kashe fitilu kamar ana kallo, sauti na tashi. A tare babbar ƙofa a ce nan hayaƙi yake, a ga ko sun san wata hanyar. A cire manaja a ce yau ba ya nan, a ga wa zai ɗauki lasifika. In ana son mutane a kujeru, a gayyato masu sa kai waɗanda suka san atisaye ne suka kuma amince. Wannan ya biya buƙatar Maman Sadiq ba tare da an tsorata kowa ba.

Mai Majigi, ina da tambaya. In ƙararrawa ta kaɗa a wurinku, fim yana tsayawa da kansa?

Mai Majigi:
Yana tsayawa, Baba. An haɗa ƙararrawar da na'urar da ke sarrafa ɗakunan, da ta kaɗa sai hoto ya ɗauke, sauti ya mutu, fitilun ɗaki su kama. Haka aka tsara. Amma ban taɓa ganin an gwada wannan haɗin ɗaki bayan ɗaki ba, kuma an sha taɓa wayoyin wurin gyara.

Baba Mai Ritaya:
To wannan shi ne abu na farko da za ka nemi a gwada. Ina da dalilin da ya sa na nace a kansa.

Ranar 13 ga Fabrairu 1983, silimar Statuto da ke Turin a Italiya ta kama wuta daga labule a ƙasa. Ba a tsayar da fim nan take ba, ba a kunna fitilun gaggawa ba, wai don kada mutane su firgita. Waɗanda ke benen sama ba su san abin da ake ciki ba sai da hayaƙi ya iso musu. Ƙofofin gaggawa kuma an kulle su. Mutum 64 suka mutu, kuma hayaƙi ne ya kashe su, hayaƙin soso da yadin kujeru.

A silimar Uphaar da ke Delhi a Indiya, ranar 13 ga Yuni 1997, taransifomar da ke ƙasan ginin ce ta kama, wutar ta ci motocin da aka ajiye, hayaƙi ya bi matattakala ya hau. Ba a yi wa mutane sanarwa ba, fitilun gaggawa ba su yi aiki ba, kuma a benen 'yan kallo an toshe wata mafita saboda an ƙara kujeru. Mutum 59 suka shaƙe. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu sun shafe shekaru sama da ashirin suna zirga-zirga a kotu.

Ku lura da abin da ya haɗa su. Ba rashin ƙofa ba ne a zane. Mintocin farko ne aka ɓarar, mutane suna zaune suna kallo, ba wanda ya ce musu su tashi. Shi hayaƙin soso yana ɗauke da iskar kabon monoksaid da ta sayanaid, shaƙa kaɗan mutum zai rikice, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Ba ya ba da lokaci.

'Yar Jami'a:
Baba, ka yi haƙuri in tambaya. Ɗazu ka ce tsoro na kisa, yanzu kuma ka ce laifi ne a ɓoye wa mutane don kada su tsorata. Ba su ci karo ba?

Baba Mai Ritaya:
Tambaya mai kyau, 'yata. Ba su ci karo ba. Abin da ke haddasa turmutsitsi shi ne mutum ya ji akwai haɗari, bai san inda yake ba, bai san inda zai bi ba, kuma yana ganin lokaci ya ƙure. Ihun “gobara!” daga bakin wanda ba a sani ba a cikin duhu yana ba ka tsoro ne ba tare da hanya ba. Ma'aikaci da ya kunna fitila ya tsaya a gaba ya ce, “Akwai hayaƙi a ƙasa, kowa ya tashi ya bi ƙofar nan ta hagun allo, ku bar kayanku, a tafi a hankali,” ya ba ka labari ya kuma ba ka hanya. Ɓoyewa kuwa jinkirta tsoron take yi har zuwa lokacin da ba sauran dabara.

Injiniya:
Akwai bincike a kan wannan. Guylène Proulx da Jonathan Sime sun yi gwaji a wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Newcastle, suka wallafa a 1991. Da aka kaɗa ƙararrawa ita kaɗai, yawancin mutane ci gaba suka yi da harkarsu. Da aka yi magana ta lasifika aka faɗi abin da ke faruwa da inda za a bi, nan da nan suka motsa. Wato abin da ya fi yawa ba rugawa ba ne, ƙin tashi ne. Mutum ya dubi na kusa da shi, ya ga bai motsa ba, shi ma ya zauna. A silima abin ya fi muni, domin ya biya kuɗi, yana tsakiyar labari, kuma ƙara da hayaƙi da walƙiya duk abubuwa ne da ya saba gani a allo.

Akwai kuma labarin gobarar Beverly Hills Supper Club a Kentucky a 1977. Ba silima ba ce, wurin cin abinci da wasa ne, mutum 165 suka mutu. Wani matashi mai kwashe kwanuka, Walter Bailey, shi ya hau dandamali ya karɓi makirufo ya nuna wa mutane ƙofofi. Ba aikinsa ba ne, ba wanda ya sa shi, amma ɗaruruwa sun fita saboda maganarsa. Abin da atisaye zai yi shi ne ya sa kada a dogara da sa'ar samun irin wannan yaron.

Abu Fatima:
To na sassauta a kan tsorata 'yan kallo. Amma ni abin da ya fi ci mini rai kwaɗo ne. Duk labaran nan ƙofa a kulle, ƙofa a kulle. Silimar Rex a Abadan ta Iran a 1978, da gangan aka sa wutar, ƙofofi a rufe, mutum wajen 400 suka mutu. Kemerovo a Rasha a watan Maris 2018, ba zamanin da ba, katafaren rukunin kantuna na zamani, ƙararrawa ba ta yi aiki ba, hanyoyin fita a toshe, mutum 60 suka mutu, 37 yara ne, da yawansu a ɗakin silima. Wanda ya sa sarƙa a ƙofar gaggawa alhali mutane na ciki, kurkuku ya kamace shi tun kafin wani abu ya faru.

Mai Majigi:
Yaya Abu, ban kare su ba, amma ka san dalilin da ake bayarwa? Mutum ɗaya ya sayi tikiti ya shiga, in an kashe fitila ya lallaɓa ya buɗe wa abokansa ƙofar baya. Sai kuma tsaro. Ka tuna harin da aka kai wata silima a garin Aurora, jihar Colorado ta Amurka, Yulin 2012, maharin ya fita ta ƙofar gaggawa ya tokare ta, ya ɗauko makamai ya dawo ta nan, ya kashe mutum 12. Tun daga lokacin masu gidaje suke ɗar-ɗar da ƙofofin nan.

Injiniya:
Damuwar gaskiya ce, amma maganinta ba kwaɗo ba ne, kuma an samo maganin tun fiye da shekara ɗari. A Sunderland ta Ingila a 1883, yara 183 suka mutu a zauren Victoria saboda ƙofar da ke ƙasan matattakala ciki take buɗewa, an kuma sa mata sakata an bar 'yar kafar da yaro ɗaya kawai zai iya bi. Wannan da gobarar Iroquois su suka haifar da ƙarfen nan da kuke gani a gicciye a jikin ƙofofin gaggawa. Daga waje ƙofar a kulle take, ba mai shiga. Daga ciki ko jingina aka yi da ƙarfen za ta buɗe, kuma waje take buɗewa, don haka cunkoson da zai danne mutum shi ne zai buɗe ta. A haɗa mata na'urar da za ta yi ƙara a ofis da zarar an buɗe ko an tokare ta, a sa kyamara. An rufe bakin mai satar shiga, an rufe na mai mugun nufi, ba a kulle kowa a ciki ba. Wanda ya zaɓi sarƙa bayan wannan, araha ya bi.

Ummu Aisha:
Ina ta karantawa, ba wanda ya ambace mu. Ƙanena da keken guragu yake tafiya, kuma yana son kallo. Silimu da yawa yanzu a hawa na uku ko na huɗu suke, da lif muke hawa. Kowa ya san in gobara ta tashi ba a shiga lif. To shi fa? Na tambayi wata ma'aikaciya a wani gida, ta ce “za a san yadda za a yi.” Wannan ba amsa ba ce. Kuma kurame fa, da ba za su ji ƙararrawa ko lasifikar da kuke ta yabo ba?

Baba Mai Ritaya:
Kin yi daidai da kika tsayar da mu, 'yata. Amsar da ya kamata a ba ki ita ce: akwai wurin fakewa a jikin matattakalar gaggawa, bayan ƙofar da ke tare wuta da hayaƙi, mai faɗin da keke zai tsaya ba tare da ya tare hanya ba, da abin magana da ofis. Akwai kujera ta musamman da ake saukar da mutum da ita a kan matattakala. Akwai kuma ma'aikacin da aka ambaci sunansa a wannan daren cewa shi ne mai wannan aikin, wanda ya taɓa sauko da mutum na gaske a kujerar, ba wanda ya gan ta a rataye kawai ba. Wurin fakewa ba wurin da za a ajiye mutum a manta da shi ba ne har 'yan kwana-kwana su zo. Fitar da shi nauyin gidan ne. Kurame kuma fitila mai walƙiya ake haɗawa da ƙararrawa, sannan a rubuta saƙon a allo.

In za ku je, ki faɗa wa mai tikiti tun a ƙofa ɗakin da kuke da kujerar da kuke, ki nemi a nuna miki wurin fakewar da idonki. Idan suka kasa nuna miki, kin san irin gidan da kike.

Ummu Aisha:
Na gode Baba. Zan nema, kuma a rubuce zan nema wurin manaja.

Maman Sadiq:
Na saurari kowa. Na yarda atisayen ba-zata da jama'a yana da haɗari. Amma har yanzu raina bai kwanta da a ce komai yana hannun ma'aikata ba, alhali Mai Majigi da bakinsa ya ce su uku ne da dare. In su ukun suna wani ɗakin fa? Ni da yarana mu zauna muna jiran wanda zai zo ya ce mu tashi?

Baba Mai Ritaya:
A'a, kada ki jira kowa. Da kin zauna, kafin a kashe fitila, ki nemi ƙofa ta biyu, ba wadda kika shigo ta ita ba. Yawanci tana gefen allo ko a baya, da koren haske ko ja a samanta. Ki ƙirga layin kujeru nawa ne tsakaninki da ita, domin hayaƙi daga sama yake fara taruwa, alamar da ke saman ƙofa ita ce farkon abin da zai ɓace. Ki nuna wa yaran, ku kuma yanke inda za ku haɗu a waje in kun rabu.

Na nace a kan ƙofa ta biyu saboda ɗabi'ar mutum ce ya koma ta inda ya shigo. A gidan rawa na Station da ke Rhode Island a 2003, mafita huɗu ce, amma yawancin mutane babbar ƙofa suka nufa, suka cushe a cikinta, mutum 100 suka mutu. Ke in kin san ta gefe, kin ceci kanki kin kuma rage wa waccan nauyi.

In ƙararrawa ta kaɗa ko kika ji ƙauri, ki tashi ko da ke kaɗai ce kika tashi. Sau da yawa mutum ɗaya ake jira ya miƙe. Kada ki tsaya ɗaukar hoto, kada ki koma neman jaka.

'Yar Jami'a:
In yaran suna wani ɗakin suna kallon nasu fim ɗin fa? Babu uwar da za ta fita ta bar su.

Baba Mai Ritaya:
Babu, kuma duk tsarin da ya ɗauka za ta fita ƙarya yake yi wa kansa. An ga haka a gobarar wurin shaƙatawa na Summerland a tsibirin Man da ke kusa da Birtaniya a 1973, iyaye suka riƙa kutsawa suna saɓa wa masu fita don neman 'ya'yansu, mutum 50 suka mutu. Shawarata ƙananan yara kada a raba ɗaki da su sam. Manya kuwa a yi yarjejeniya tun kafin a shiga: kowa ya bi ƙofar da ta fi kusa da shi, a haɗu wuri kaza a waje. Su kuma ma'aikata, cikin atisayensu dole a sa wanda zai tsaya a baranda yana gaya wa iyaye cewa an buɗe ɗaki kaza, yaranku ta can suka fita.

Mai Majigi:
Baba, tambaya ta ƙarshe daga gare ni, domin ita ce muke gardama a kai a wurin aiki. In na buɗe ƙofar ɗaki na tarar baranda ta cika da hayaƙi, in fitar da mutane ta cikinsa ko in rufe mu jira? Wasu na cewa tukunyar kashe gobara zan ɗauka in je in gani.

Baba Mai Ritaya:
Tukunya ta ƙaramar wuta ce wadda ka gani da idonka tun tana farawa, kuma mafita na bayanka. Ta hoda ba ta kai minti ɗaya ta ƙare. Wutar da hayaƙinta ya riga ya cika baranda ta wuce tukunya, kada ka je nemanta.

Ka rufe wannan ƙofar nan take, domin ita ce ke tsakanin hayaƙin da mutanenka, kuma kada ka bari a tokare ta. Ka juya su zuwa ɗaya ƙofar. Dalilin da ya sa ake son kowane ɗaki ya samu mafita biyu da ba sa bi ta baranda ɗaya ke nan. Zama a jira sai in duka hanyoyin sun toshe, kuma a nan ma ba shiru za a yi ba: a toshe ƙasan ƙofa da riguna, kowa ya yi ƙasa, a kira 'yan kwana-kwana a faɗa musu hawa na nawa, ɗaki na nawa, mutum nawa.

Amma ka ga, ba za ka iya yanke wannan hukuncin cikin sakan goma ba sai in ka taɓa bin ɗaya hanyar da ƙafarka har titi. Gobe kafin a buɗe, ka tura kowace ƙofar gaggawa, ka bi ta har ƙarshe. Ka duba ko an jibge kwalaye ko tsofaffin kujeru a matattakala, ko wani ya ajiye mota a bakin ƙofar waje. Ka nemi a kashe wutar ɗaki a ga ko fitilun gaggawa za su kama. A ƙa'idar Amurka minti 90 ake so batirinsu ya riƙe, ana gwajin sakan 30 duk wata, cikakken gwaji kuma sau ɗaya a shekara. Ka tambayi manaja littafin da ake rubuta gwajin, ka duba kwanan watan da ke layin ƙarshe.

Mai Majigi:
Zan yi, in sha Allah. Sabbin ma'aikatanmu biyu ma zan tafi da su, sannan in kai maganar atisayen dare wurin manaja a taronmu na wannan makon.